HOTON HAƘORI NA KWAMFUTA: AMFANINSA DA ƘA'IDOJINSA

GABATARWA

Ciwon haƙori ba baƙo ba ne a gidan kowa. Cikin rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022, ta ƙiyasta cewa mutane wajen biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙora, watau kusan rabin jama'ar duniya ke nan. Daga cikinsu, wajen biliyan 2 suna yawo da ruɓaɓɓen haƙori wanda ba a yi wa magani ba.

Duk wanda ya san Idumota, a Tsibirin Ikko, daga an sauko gadar Kata, ya san layukan masu sayar da magunguna sari da ɗai-ɗai. Ɗan kasuwa ko ɗan dako, idan haƙori ya hana shi barci, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ratsa layin nan da safe, ya sayi ƙwayar kashe zafi da kafso, ya haɗiye, ya koma bakin aikinsa. Haka abin yake a Agege da Idi-Araba, haka kuma a Kano da Sakkwato. A watan Fabrairu na 2025 hukumar NAFDAC ta rufe kasuwar magunguna ta Idumota na ɗan lokaci, tare da ta Onica da ta Aba, domin kawar da jabun magunguna da waɗanda suka lalace. Amma ko da ƙwayar da mutum ya saya sahihiya ce, iyakarta ta kwantar da zafi. Ba ta san abin da ya kawo zafin ba, balle ta kawar da shi.

Kafin likita ya yi wa haƙori magani na gaskiya, wajibi ne ya san abin da ke cikinsa da abin da ke ƙarƙashinsa. Hanyar sanin haka ita ce hoto. Makasudin wannan ɗan littafi shi ne a bayyana wa jama'a mene ne hoton haƙori, da yadda ake ɗaukarsa da kwamfuta a wannan zamani, da fa'idarsa, da iyakarsa, da kuma haƙƙin majiyyaci a wurin ɗaukarsa.

1. ABIN DA IDO BA YA GANI

Yaro yana da haƙoran yaranta guda 20, waɗanda yake famfara ɗaya bayan ɗaya tun daga wajen shekara 6. Babban mutum kuwa yana da haƙora 32 idan sun cika. Abin da muke gani a madubi, watau kan haƙori, bai kai rabin tsawonsa ba. Sauran, saiwa ce wadda ta nutse cikin ƙashin muƙamuƙi, dasashi ya rufe ta.

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, wanda babu abin da ya fi shi tauri a jikin ɗan Adam. Ƙarƙashinsa akwai ƙashin haƙori, mai ɗan ɗorawa-ɗorawa, wanda bai kai ɓawon ƙarfi ba. A can tsakiya kuma akwai ɓargo, inda jijiyoyin jini da jijiyar jin zafi suke, suna bi ta cikin saiwa har ƙasanta.

Ruɓa tana farawa ne idan ƙwayoyin cuta da ke manne a haƙori suka sami sukari, suka mayar da shi tsami, tsamin kuma ya riƙa narkar da ɓawo sannu a hankali. Sau da yawa takan fara a tsakanin haƙori da haƙori, inda asuwaki da buroshi ba su cika shiga ba, inda kuma idon likita da ɗan madubinsa ba su kaiwa. Muddin tana cikin ɓawo ba ta da zafi. Ranar da zafi ya hana barci, galibi ta riga ta kusanci ɓargo ko ta shige shi. Saboda haka ne mutum zai ga haƙorinsa fari tas daga waje, alhali cikinsa ya zama kogo.

2. TAƘAITACCEN TARIHI

Ran 8 ga watan Nuwamba na 1895, wani malamin kimiyya Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen, a jami'ar birnin Würzburg, ya gano wani irin haske wanda ido ba ya ganinsa, amma yana ratsa takarda da katako da naman jiki. Da yake bai san ko mene ne ba, sai ya laƙaba masa harafin X, wanda masu lissafi ke sa wa abin da ba a sani ba. Daga nan aka sami sunan eksire. A 1901 aka ba shi lambar yabo ta Nobel, shi ne kuwa na farko da ya karɓe ta a fannin kimiyyar fiziks.

Ba a yi wata uku ba, a Janairun 1896, wani likitan haƙori a Jamus, Otto Walkhoff, ya sa farantin gilashi na hoto a bakinsa, ya zauna minti 25 ana haska shi. Wannan shi ne hoton haƙori na farko. A cikin shekarar dai, Edmund Kells na birnin New Orleans a Amurka ya fara ɗaukar hoton haƙoran majiyyata. A lokacin ba a san illar hasken ba. Kells ya yi shekaru yana sa hannunsa cikinsa, har ciwon daji ya kama masa yatsu, aka yi ta yanka, daga ƙarshe ya rasa hannun gaba ɗaya. Ya rasu a 1928. Wani likitan haƙorin kuma, William Rollins na Boston, tun 1901 yake gargaɗin cewa hasken nan yana da haɗari, a killace shi. Ƙa'idojin kariya da ake bi yau, daga wahalar irin waɗannan mutane aka koyo su.

A 1913 kamfanin Kodak ya fara sayar da ɗan ƙaramin fim na haƙori a naɗe, wanda ya maye gurbin gilashi. Fim ɗin nan shi ya yi sarauta fiye da shekara 70. Sai a 1987 wani likitan haƙori Bafaranshe, Francis Mouyen, tare da kamfanin Trophy, suka fito da na'urar da ke nuna hoton haƙori a allon kwamfuta ba tare da fim ba. A 1994 kamfanin Soredex na ƙasar Finland ya kawo wata hanyar, mai amfani da faranti wanda ake gogewa a sake aiki da shi. A ƙarshen shekarun 1990 kuma aka ƙera na'urar da ke nuna muƙamuƙi ta kowace fuska.

A nan Nijeriya, makarantar koyon aikin likitan haƙori ta farko ita ce ta Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, wadda aka buɗe a 1966, a harabar asibitin koyarwa da ya fara aiki a 1962.

3. YADDA HOTON YAKE SAMUWA

Cikin kan na'urar akwai kwalbar gilashi wadda aka zuƙe iskarta. Idan aka danna maɓalli, lantarki mai ƙarfin bolt 60,000 zuwa 70,000 yakan harba ƙananan ƙwayoyin lantarki su bugi wani ƙarfe mai suna tangistin, daga bugun nan ne hasken eksire ke fita. Ba ya ɗaukar ko daƙiƙa guda. Da an saki maɓalli hasken ya ɗauke, kamar yadda ƙwan fitila ke mutuwa, babu abin da ke saura a ɗakin ko a jikin mutum.

Hoton kansa inuwa ce. Abu mai tauri yana tare hasken, sai ya fito fari. Abu mai taushi yana barinsa ya wuce, sai ya fito baƙi. Don haka ɓawon haƙori fari yake fitowa, ƙashi toka-toka, ɓargo kuma duhu-duhu. Inda ruɓa ta ci, ko inda mugunya ta narkar da ƙashi, sai a ga tabo baƙi a wurin da ya kamata a ga fari. Ƙarfe kuwa, kamar haƙorin Makka ko cikon azurfa, fari fat yake fitowa.

Bambancin tsohuwar hanya da sabuwa yana wurin abin da ke karɓar inuwar. A tsohuwar hanya fim ne ake sawa bayan haƙori, sa'an nan a kai shi ɗaki mai duhu a tsoma cikin ruwan magani kala biyu, a ɗauraye, a shanya. A sabuwar hanya, wadda ake kira dijital, abu biyu ake amfani da su:

(a) Ɗan allo mai waya. Girmansa bai wuce ashana ba, kauri ne kawai ya rage. Cikinsa akwai sinadarin da ke juya hasken eksire ya zama haske na gani, da kuma dubban ɗaruruwan ƙananan idanu irin na kyamarar wayar hannu. Kowane ido yana auna hasken da ya same shi, ya mayar da shi lamba, kwamfuta ta jera lambobin su zama hoto cikin 'yan daƙiƙoƙi.

(b) Faranti mai ajiye haske. Wannan siriri ne kamar fim, ba shi da waya. Yana riƙe inuwar a jikinsa, a sa shi cikin wata 'yar na'ura ta karanta da hasken lesa, hoton ya bayyana a allo. Daga nan a goge farantin da haske mai ƙarfi, a tsabtace shi, a sake aiki da shi sau da yawa.

4. IRE-IREN HOTO

Na farko shi ne hoton saiwa, wanda ke nuna haƙori biyu ko uku tun daga kai har ƙasan saiwa da ƙashin da ke kewaye. Shi aka fi yi wa mai ciwon haƙori ɗaya.

Na biyu shi ne hoton cizo, inda majiyyaci ke cije ɗan mariƙi, hoton ya nuna kawunan turame na sama da na ƙasa a lokaci ɗaya. Shi ne mai tona asirin ruɓar da ke ɓoye tsakanin haƙora.

Na uku shi ne hoton baki ɗaya. Ba a sa kome mai girma a baki, na'urar ce ke zagaya kan mutum cikin daƙiƙa goma sha, ta fito da dukan haƙora da muƙamuƙai biyu da mahaɗarsu a hoto guda.

Na huɗu shi ne hoton da ke nuna tsawo da faɗi da zurfi, wanda likita zai iya juyawa a allo ya duba ta kowane gefe. Haskensa ya fi na sauran yawa, kuɗinsa ma haka, saboda haka ba a yinsa sai ga aiki mai wuya, kamar dasa haƙori cikin ƙashi ko shirin tiyata.

5. ABIN DA HOTO YAKE NUNAWA

Ruɓa. Hoto yana nuna zurfinta, watau ko ciko ya isa, ko sai an wanke ɓargo an cike saiwa, ko kuwa haƙorin ya wuce gyara. Ruɓar da aka kama da wuri ciko kaɗan take bukata, wani lokaci ma gyaran abinci da goge baki da man da ke da sinadarin fuloraid sun isa su tsayar da ita. Yana da kyau a sani cewa tun da aka fara ɗaukar hoton haƙori ba a taɓa ganin tsutsa cikinsa ba. Masu turara wa mutane waɗansu 'ya'yan itatuwa suna nuna musu abin da ya faɗo cikin ruwa da sunan tsutsa, kuɗin jama'a kawai suke ci.

Mugunya a gindin saiwa. Idan ɓargo ya mutu zafi yakan lafa, mai shi ya ɗauka ya warke, alhali cuta ta sauka cikin ƙashi. Daga can tana iya fashewa ta dasashi, tana kuma iya gangarawa ƙarƙashin haɓa da wuya, ta kumbura har ta toshe numfashi. Wannan yana kisa, musamman ga mai ciwon sukari.

Ciwon dasashi. Jinin da ke fita wajen asuwaki da warin baki alamu ne na waje. Hoto ne ke nuna yawan ƙashin da ya zaizaye a kewayen saiwa, abin da ke sa haƙoran dattawa girgiɗi har su zube.

Turmin ƙarshe. Shi ne haƙorin da ke fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25. Sau da yawa yakan rasa wuri, ya kwanta cikin ƙashi ya tokare maƙwabcinsa. Akwai babbar jijiya da ke bi ta cikin muƙamuƙin ƙasa, wadda idan aka taɓa ta leɓe zai mutu. Lalle ne likita ya ga inda saiwa take da inda jijiyar take kafin ya cire shi.

Karaya. Mai acaɓa da ya faɗi, ko ɗan dako da kaya suka buge, ana iya ganin haƙoransa tsaye alhali saiwa ta tsage ko muƙamuƙi ya karye. Idan ƙashi ya haɗe a karkace, tauna ba za ta sake daidaita ba sai da tiyata.

Ƙari a muƙamuƙi. Akwai wani ƙari mai suna amelobilastoma, wanda likitocin ƙasar nan suke yawan gamuwa da shi, galibi a muƙamuƙin ƙasa. Yana girma a hankali ba tare da zafi ba, har ya cinye ƙashi. Wanda aka gani da wuri aikinsa kaɗan ne. Wanda aka bari ya shekara da shekaru, sai an yanke ɓangaren muƙamuƙi.

6. FA'IDOJIN HOTON KWAMFUTA

Na ɗaya, sauri. Fim yana bukatar mintuna da dama kafin a wanke shi ya bushe. Ɗan allo kuwa, kafin majiyyaci ya rufe baki hoton ya fito. Ga mai wanke ɓargon haƙori, wanda ke bukatar duba tsawon saiwa sau biyu ko uku yana cikin aiki, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ga ɗan kasuwar da ya bar rumfa kuma, an rage masa zaman jira.

Na biyu, ragin haske. Ɗan allo ya fi fim saurin karɓar inuwa, don haka ana rage tsawon lokacin haskawa. Ragin yana da yawa idan aka gwada da tsohon fim mai nawa, amma kaɗan ne idan aka gwada da fim mai sauri na baya-bayan nan.

Na uku, gani. Fim ɗan ƙarami ne, sai an ɗaga shi a fitila an ƙura ido. A allo kuwa ana iya faɗaɗa hoto, a ƙara masa haske ko duhu, a auna tsawon saiwa da milimita. Majiyyaci ma yana gani da idonsa, gani kuwa ya kori ji. Wanda aka nuna wa baƙin tabo a gindin haƙorinsa ba ya bukatar dogon lallashi.

Na huɗu, ajiya da aikawa. Tun da layin dogo ya haɗa Legas da Kano, fatake suke kai da kawo tsakanin Kudu da Arewa, goro ya hau, shanu su sauko, har Agege ta zama babban zangon Hausawa. Mutum yana iya fara magani a Legas, tafiya ta kama shi ya ƙarasa a Kano. Fim yana ɓata, yana dushewa, yana karcewa cikin aljihu. Hoton kwamfuta kuwa ana iya ba mutum kwafinsa a waya, ko a aika wa likitan can ta intanet, ba sai an sake haska shi ba. Haka kuma likitan da ke ƙaramin gari zai iya neman shawarar ƙwararre ba tare da majiyyaci ya hau mota ba.

Na biyar, kwatantawa. Idan aka jera hoton bara da na bana a allo ɗaya, nan da nan za a gane ko ruɓa ta tsaya ko tana ci gaba, ko kuma ƙashin da mugunya ta ci ya fara cikowa.

Na shida, tsabtar muhalli. Ruwan wanke fim yana ɗauke da azurfa da sinadarai masu cutarwa, kowane ƙunshin fim kuma akwai 'yar takardar dalma a ciki. Idan aka zuba su a kwata, a gari irin Legas ruwan lagun za su tarar. Ga shi kuma zafi da laima suna saurin lalata fim da ruwan wankinsa. Sabuwar hanya ta raba mu da wannan duka.

7. SHIN AKWAI HAƊARI?

Hasken eksire ba abin wasa ba ne, labarin Kells ya ishe mu shaida. Amma kome da ma'auninsa. Ana auna abin da jiki ya sha na irin wannan haske da ma'aunin da ake kira maikurosibat. Kowane ɗan Adam, ko bai taɓa shiga asibiti ba, yana shan irinsa daga ƙasa da duwatsu da iska da sararin samaniya. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta matsakaicin wannan a kan 2,400 a shekara, watau tsakanin 6 da 7 kowace rana.

Bisa ga alƙaluman Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, ƙaramin hoto na cikin baki yana tsakanin 1 da 8, hoton baki ɗaya tsakanin 4 da 30, hoton da ke nuna kowace fuska kuwa wajen 50 zuwa 100, a waɗansu na'urori ma ya fi haka. Ke nan ƙaramin hoto galibi bai wuce abin da mutum ke sha a yini guda yana zaune a gidansa ba.

Duk da haka ƙa'ida ita ce kada a ɗauki hoto sai da dalili. Likita ya fara duba baki tukuna, sa'an nan ya yanke shawarar irin hoton da ake bukata, a kuma yi shi da mafi ƙarancin hasken da zai wadatar. Yara sun fi manya saurin jin illar hasken, don haka ana rage musu ma'auni, ana kuma taƙaita musu yawan hoto.

Mace mai juna biyu ta gaya wa likita. Hasken ba ya fuskantar ciki, kuma ma'auninsa kaɗan ne ƙwarai, saboda haka idan akwai bukata ana ɗaukar hoton. Barin mugunya a bakin mai ciki ya fi hoton haɗari nesa ba kusa ba.

Game da rigar dalma da ake yafa wa majiyyaci, a shekarar 2024 Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta ba da shawarar cewa ba a bukatarta idan na'ura ta zamani ce kuma an taƙaita haskenta daidai girman ɗan allo. Waɗansu asibitoci suna ci gaba da amfani da ita. Ko an yafa ko ba a yafa ba, abin da ya fi muhimmanci shi ne lafiyar na'ura da ƙwarewar mai aiki da ita.

Ma'aikaci kuwa, tun da shi kullum yana wurin, wajibi ne ya tsaya bayan bango ko ya ja da baya aƙalla mita 2, kuma kada ya riƙe wa majiyyaci fim ko allo da hannunsa.

8. IYAKAR WANNAN HANYA

Kayan suna da tsada, daga waje ake shigo da su, ɗan allo kuma idan ya faɗi ko wayarsa ta tsinke asara ce babba. Aikin yana bukatar wutar lantarki tsayayya. Ɗan allo mai waya yana da kauri, ba ya lanƙwasa, yakan dami yara da masu ƙaramin baki. Ba a dafa shi kamar sauran kayan aiki, saboda haka dole a sa masa sabuwar rigar leda ga kowane majiyyaci, a kuma goge shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

Sauƙin ɗauka ma yana da nasa tarko. Tun da gogewa da sakewa ba wuya, ma'aikaci maras kula zai iya haska mutum sau uku inda sau ɗaya ya isa, ribar ragin haske ta tafi a banza. Hoton da aka ɗauka daga allo da kyamarar waya, ko aka tura ta hanyar da ke matse hotuna, yakan rasa ƙananan alamu, gara a nemi ainihin kwafin. Idan kwamfuta ta lalace ba a ajiye kwafi a wani wuri ba, tarihin majiyyata ya salwanta.

Har wa yau, hoto ba ya nuna kome da kome. Ruɓa ba ta bayyana sai ta narkar da wajen kashi 30 cikin 100 na taurin wurin, gyambon harshe da na kumatu kuwa ba sa fitowa sam. Fim da aka ɗauka da kyau, aka wanke da kyau, har gobe yana aiki, kada wanda ya tarar da shi a asibiti ya raina shi.

9. DOKA DA HUKUMOMI

Dokar Kiyaye Haɗarin Nukiliya da Haske ta 1995 ita ta kafa hukumar NNRA, wadda ta fara aiki a 2001. Ita ke ba da lasin shigo da na'urorin eksire da aiki da su, tana kuma duba lafiyarsu. Doka mai lamba 42 ta 1987 ta kafa hukumar rajistar ma'aikatan ɗaukar hoton asibiti. Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya kuma ita ke rajistar likitan haƙori da sabunta lasinsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 sun wajabta riƙe sirrin majiyyaci. Hoton haƙorinka yana cikin wannan sirri, ba a yaɗa shi ba da izninka ba.

10. ABIN DA YA KAMATA KA YI

Mazauna Legas za su sami sashen haƙori a Babban Asibitin Legas da ke Tsibirin Ikko, kusa da Idumota, da Babban Asibitin Orile-Agege, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas a Ikeja, da na Jami'ar Legas a Idi-Araba. A Arewa akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, ban da manyan asibitocin jihohi. In ka je, ka kiyaye waɗannan:

(a) Ka tafi da tsohon hotonka idan kana da shi, ka kuma faɗi ranar da aka yi maka na ƙarshe.

(b) Ka tambayi likita dalilin hoton, ka roƙe shi ya nuna maka abin da ya gani.

(c) Ka ambaci ciwon sukari ko hawan jini, da dukan magungunan da ka sha, har da na gargajiya.

(d) Wajen hoton baki ɗaya ana cire tabarau da 'yan kunne da sarƙa da fil na mayafi da haƙoran roba. Yadi ba ya tare hasken, ƙarfe ne matsala.

(e) Ka tsaya cik har a gama, domin motsi yana ɓata hoto ya sa a sake.

(f) Ka lura an sa wa ɗan allo sabuwar leda a gabanka.

(g) Ka nemi kwafin hotonka ka adana.

Kada ka ɗora ƙwayar asfirin ko ruwan batir a kan haƙori, gama ƙona dasashi suke yi. Kada ka yarda wanzami ko wani mai awartaki a bakin kasuwa ya cire maka haƙorin da ba a ga saiwarsa ba. Idan kuwa fuska ta kumbura, ga zazzaɓi, baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Rigakafi dai ya fi magani. A rage sukari da lemon kwalba, a goge baki safe da dare, a kuma kai haƙori ga likita tun bai fara ciwo ba.

TAMBAYOYI DOMIN BITA

1. Me ya sa ruɓar haƙori ba ta zafi a farkonta?
2. Wane abu ne ke fitowa fari a hoto, wanne ne kuma ke fitowa baƙi?
3. Kawo fa'idoji huɗu na hoton kwamfuta, da matsaloli biyu.
4. Gwada ma'aunin ƙaramin hoton haƙori da abin da mutum ke sha a yini guda.
5. Waɗanne alamu ne ke wajabta zuwa asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba?